Jatau da Shuɗin Zanin Inna

A ƙauyenmu an yi wani mutum wai shi Jatau, yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Kande mai tuyar ƙuli-ƙuli. Jatau ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Ciwon kai ya matsa wa Inna, har ƙanwarsa Ladidi, ma'aikaciyar jinya, ta ce in bai lafa ba kafin Sallah za ta tafi da ita birni. Inna ba ta so, Jatau kuwa har da hawaye. Sai Ladidi ta tsara masa jadawali a waya: layin barci, layin goro, layin ciwon kai. Ta ce, "Yaya, ka riƙa cikewa kullum, mu ga wanne ke tafiya da wanne."

Wata rana Inna na barcin rana, ya girgiza ta. "Inna, barci kike yi? Zan rubuta." Ta ce, "Dā ina yi." Ya rubuta haka, ya sha muciya a gadon baya.

Wata rana Ladidi ta bugo waya, ta ce, "Kada ka bar gurbi ko ɗaya ba komai." Ranar kuwa, kan Inna lafiya lau. Jatau ya dubi gurbin ciwo fayau, ya ɗauko garwa ya yi ta buga mata a kunne har gurbin ya samu abin rubutawa.

Wata rana Ladidi ta ce ya ƙara duk abin da ya lura da shi. Ya buɗe layin kukan akuya, layin atishawa, har da na zanin da Inna ta ɗaura. Da ya ƙura wa jadawalin ido, abin ya ba shi mamaki: duk ranar shuɗin zani, ranar ciwo ce. Ladidi kuwa ta taɓa cewa, "Duk abin da ke tafiya da ciwon, a raba ta da shi." Ya kama zanin, ya ɗaure tamau, ya jefa rumbu.

Ashe shi ne zanin da Inna ke tuya da shi. Inna ta rantse ba za ta shiga hayaƙin ɗakin girki da zanin kirki ba, ta fito da murhu tsakar gida, tana tuya tana faɗa. Ciwo ya ɗauke cak.

Da Ladidi ta zo Sallah ta duba jadawalin, ta leƙa baƙin ɗakin girkin, ta ce, "Inna, hayaƙi ne." Jatau ya ce, "Zani ne, kuma yana tsare." Inna ta ce, "Ku dai ku daidaita. Ni ba inda za ni."