Ranar da Na Kai Ɗalibai Bakin Kanal

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, kuma ko na so in manta, mutanen Bunkure ba za su bar ni ba. Gara in ba da labarin da bakina.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo tsakanin Kura da Bunkure. A shekarar aka tura mu bita Kano, mu malaman lissafi da kimiyya, aka yi mako guda ana nanata mana cewa jihar nan ba za ta samu injiniyoyi da ƙwararrun ma'aikata ba muddin yara suna haddace abin da ba su taɓa gani da ido ba. Maganar ta shige ni sosai. Na dawo ina jin kamar ni kaɗai aka damƙa wa gyaran ilimin jihar Kano.

Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, amma kanal ɗin ruwan noman rani yana bayan katangarmu. Manoma kan ɗora lanƙwasasshen bututu a kan gaɓa, ruwa ya hau ya gangara gona, ba inji ba fetur. Wannan kuwa shi ne darasin ƙarfin iska da nake ta zanawa a allo yara suna hamma. Na ce wa shugaban makaranta can zan kai 'yan aji biyar.

"Malam, allon bai ishe ka ba?"

"Ranka ya daɗe, allo ba ya jan ruwa."

Da ƙyar ya yarda, ya ce sau ɗaya kawai. Ranar kuma sai ga wata Hajiya mai duba makarantu ta iso ba sanarwa, ya ce to, mu tafi gaba ɗaya ta ga aikin da muke yi.

Wani dattijo mai gonar tumatir, Baba Idi, ya ara mini bututu, ya koma gefe ya dogara da fartanyarsa. Na tsaya a kan gaɓa na zuba bayani na kusan rabin awa, Turanci ina haɗawa da Hausa, ina satar kallon Hajiya. (Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a birni na tashi, a littafi na san bututun nan, hannuna bai taɓa riƙe shi ba.) Na ce, "Yanzu ku zuba ido ku ga kimiyya."

Na tsoma, na ɗora a gaɓa. Ko ɗigo. Na sake. Shiru. Na uku na girgiza shi kamar mai laifi, nan ma babu. Yaran nan kusan duk 'ya'yan manoma ne, kowanne ya san inda na kuskure, amma ladabi ya kulle musu baki. Sai na tuna yadda direbobi ke zuƙo mai daga tanki. Na durƙusa, na kafa baki, na ja da duk ƙarfin ƙirjina.

Kimiyya dai ta yi aiki. Ruwan kanal da laka da gansakuka suka taho gaba ɗaya, wani ta maƙogwaro, wani ta hanci. Na miƙe ina tari, santsi ya kwashe ni, na tafi ta baya na zauna daɓas a cikin tumatirin mutane, bututun yana ci gaba da zuba a cinyata. Yara suka riƙe dariya na ɗan lokaci, sannan ta ƙwace musu. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Baba Idi ya ɗaga ni, ya karɓi bututun, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya zunkuɗa shi cikin ruwa sau uku, ya saki. Ruwa ya ɓalle. Ya ce, "Malam, bayaninka daidai ne. Iskar nan da kake ta faɗa, ita za ka hana komawa ciki. Hannu ake sa mata, ba baki ba."

A ofis shugaban makaranta bai ko ce in zauna ba (da gaskiyarsa, kujerar ta yadi ce). Ya ce, "Ka zubar mana da mutunci a gaban baƙuwa. Daga yau ka tsaya a allo."

Ina ɗiga a kan simintinsa na ce, "Ranka ya daɗe, mutuncina ne ya zube, kuma na yafe. Amma je ka tambayi kowane yaro me ke tura ruwan nan sama, yau zai gaya maka. Alhamis mai zuwa zan koma."

Na koma kuwa. Kwana uku ina zuwa wurin Baba Idi bayan la'asar har hannuna ya iya. Daga baya muka auna gudun ruwa, muka lissafa faɗin gona, shugaban makaranta ya gaji da hanawa ya koma leƙe ta kan katanga. Har yau in na ratsa kasuwa wani zai ce, "Malam Bututu, a kawo ruwa?" Ina amsawa, don ban ga abin ɓoyewa ba.

Darasin da na ɗauka ɗaya ne. Fita da yara dai ba zan daina ba, amma duk gwajin da zan yi a gaban jama'a, sai na fara yin sa a tsakar gida da bokiti, bayan na tabbata matata ta tafi unguwa.