Jawabin Maraba ga Tsuntsuwa

Allah ya yi wa sansanin binciken tsuntsaye na bakin tafki gata da ya ba shi shugaba irin Darakta. A bayan idonsa ma'aikata Uban Masu Fiffike suke ce masa. Da labari ya kai kunnensa, sai ya ji daɗi, ya sa aka rubuta sunan a ƙofar tantinsa.

Mutum ne mai kishin shiru. Tunda tsuntsu ba ya sauka inda ake hayaniya, sai Darakta ya sayo lasifika. Kullum da safe yana zagaye tafkin yana sanarwa: "A yi shiru! Wannan wurin bincike ne, a yi shiru!" Har kwaɗi sai da suka yi ƙaura.

Wata tsuntsuwa mai jan wuya ake jira, wadda takan yada zango a tafkin sau ɗaya a shekara, in ta ga dama. Hedikwata ta gaji da jira, ta aiko wakiliya da magana guda: ko hoton tsuntsuwar, ko a naɗe tantuna kowa ya kama gabansa. Hankalin Darakta ya tashi ƙwarai, don bai san abin da za a riƙa kiransa ba idan babu sansani.

Ran nan da hantsi kowa yana kwance rub da ciki a rumfar ɓuya. Mai hoto, ƙanen matar Darakta, yana gyara ƙafafun kyamara. Sauro na cin wakiliya, ta kasa ko marin ƙafarta. Sai ga tsuntsuwa ta sauko kan wani kututture, ta fara gyaran gashi abinta.

Idon Darakta ya ciko da ƙwalla. Baƙuwa ta keto ƙasashe ta zo sansaninsa, a bar ta haka ba ko sannu da zuwa? Me za ta ɗauke shi? Ya miƙe, ya ɓalla maɓallin kwat.

"Yaya, don Allah ka zauna," in ji mai hoto cikin raɗa. "Bari in ɗauka tukuna."

"Kai hoto ka sani, ni tsari na sani."

Ya fita ya tsaya daidai gaban kyamara. Don girmama baƙuwa ya rage ƙarar lasifikar kaɗan.

"Mai girma baƙuwarmu, wakiliyar hedikwata, ma'aikata maza da mata. Kafin in ce komai, ya kamata ki san wanda ke magana da ke. Lokacin da na karɓi wannan sansani..."

Tsuntsuwa ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, ta buɗe fiffike ta tafi. Darakta ba mai barin aiki rabi ba ne. Ya ɗaga fuska sama ya ƙarasa jawabin, har da godiya ga mahalarta.

Hoto ɗaya aka samu: bayan kwat ɗin Darakta, ya cika takardar daga gefe zuwa gefe. Wakiliya ta daɗe tana kallonsa tana susar ƙafa, sannan ta ce a kira mota a fara lodin tantuna.

Darakta ya sa an ƙara girman hoton, ya rataye a falonsa. Duk baƙon da ya shigo sai ya ja shi gaban bango ya ce, "Ka ga nan? Tana gabana daidai, tana saurare."

Matarsa ma takan ce duk cikin hotunansa shi ta fi so, don bakinsa bai fito ba.