Rasuwar Tsawa, Motar Malam Jaji ta Jekadafari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su saba da shiru ba, iyalan Malam Jaji na Jekadafari, akawu a ofishin gona na Gombe, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabtan da suka sha yi mata mugun fata, rasuwar motarsu Tsawa. Ta cika ranar Lahadi da hantsi a kan hanyar Kumo, bayan gajeriyar jinya wadda mai ita ya jawo mata da hannunsa.

Marigayiya ta shigo garin nan ne a hannun wani Baturen auduga. Da aka sami mulkin kai ya tattara nasa ya nasa ya tafi, ya bar ta ga Malam Jaji. Sitiyarinta a dama yake, don ta girmi dokar da ta mayar da tuƙi hannun dama, kuma har ta bar duniya ba ta amince da dokar nan ba. Ko yaushe aka saki hannu sai ta ja hagu.

Shaidar da kowa zai yi mata ita ce ba ta da munafunci. Ba ta taɓa shiga unguwa a sace ba. In aka tashe ta a Jekadafari, gwarrr-gwarrr-fat-fat-fat, har mutanen unguwar Shamaki sun san Malam Jaji ya karya kumallo. Ƙofofinta na kaɗawa, gilasanta na rawa, salansarta na harbi kamar bindigar maharbi. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa kaɗe akuya ba, domin kafin ta iso babu akuyar da ta rage a titi. Tana da ci, ba a musu, ta sha mai kamar ba gobe. Amma wa ya taɓa jin ta kwana a hanya?

Akwai wani alherinta da ba kowa ya sani ba, shi kansa mai ita sai a ƙarshe ya gane. Asta, matar Malam Jaji, Bafulatana ce ta asali, kunya kuwa har ta yi mata yawa. Tun da aka kawo ta gidansa sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta matsu ta ce "Malam", in a gaban mutane ne ta ce "shi wannan". Duk Lahadi yakan kai ta Kumo gaida iyayenta, tana kujerar baya. Da Tsawa ta ɗau hanya ta buɗe murya, sai ya hango a madubi bakin Asta na motsi, tana kallon taga, wani lokaci har da murmushi. Ba ya jin ko kalma guda. Ya ɗauka ƙorafin cefane ne, don haka jefi-jefi sai ya gyaɗa kai ya ɗaga murya ya ce, "Haka ne!" Shekara da shekaru a haka, kuma ba a taɓa jin kansu ba.

Ciwon ajali ya faro ne a shekarar Udoji, da gwamnati ta yi wa ma'aikata gagarumin ƙarin albashi. Abokan aikinsa kowa ya fito da sabuwar mota, irin masu sulalowa bakin ofis kamar maciji. Shi kuwa da ya doso sai a fara rufe tagogi, wani ya ce jirgin ƙasan Maiduguri ya iso. Ga layin mai ya addabi gari, a ƙasar da ake cewa man ya yi mata yawa. Abin ya ci wa Malam Jaji rai. Maimakon ya yi haƙuri da tsohuwar da ta rufa masa asiri, sai ya kwashe ta ya kai wa Titus bakanike, mutumin da bai taɓa jin shawarar banza ya ce a'a ba.

Titus ya zagaya ta, ya buga bonet, ya ce, "Maigida, ka bar min ita. In na gama, ko allura ta faɗi a ciki sai ka ji."

Kai, jama'a, abin da aka yi wa baiwar Allah nan! Aka ɓalle ƙofofinta aka ɗura musu auduga. Aka shimfiɗa mata tsofaffin barguna a ƙasa, aka liƙe cikin bonet da buhunan algarara, aka ƙara cusa auduga duk inda yatsa zai shiga. Aka yi mata sabuwar salansa. Sannan aka zo kan cikinta: Titus ya matse kafireta, ya sake matsewa, Malam Jaji na tsaye a kansa yana cewa a ƙara. Motar da ta saba shan mai da baki cike aka mayar da ita tana lasa kamar mai shan magani. Ta fito daga garejin tana numfashi sama-sama, sss-sss, ba wanda ya gane ta. A ranar ta kusa taka akuyar farko.

Lahadi ta zo, aka kama hanyar Kumo. Asta ba ta san zurfin aikin da aka yi ba, ga sabo na shekaru. Da aka fita gari ta juya fuska wajen taga kamar kullum, ta ce da muryarta sosai, "Jaji. Jajina. Allah dai ya yi ka da rowa da ƙaton hanci, amma ko Gombe aka ba ni da abin da ke cikinta ba zan musanya ka ba."

Tas ya ji. Ashe abin da ake faɗa masa ke nan duk Lahadin duniya, shi yana can yana "haka ne". Daɗi ya rufe shi, idonsa ya kawo ruwa. Da mai wayo ne da ya haɗiye, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kwasar garaɓasa har tsufa. Ina! Sakaran naku sai ya waiwaya, baki har kunne, ya ce, "Na'am?"

Asta ta ja gyale ta rufe fuska ruf. Har Kumo ba ta ce uffan ba, har aka dawo ba ta ce uffan ba. A gida ma "Malam" ɗin ya gagara, sai dai ta ajiye masa tuwo ta juya. Malam Jaji ya rame. Ya samu motar da ya nema, shiru kamar maƙabarta, ga mai na kwana a tanki, amma ya fi kowa a Gombe baƙin ciki. Ni Bubayero, taubashinsa, da aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, a bakinsa na ji duk wannan, kuma ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa.

Ita kuwa marigayiya yunwa na cinta a ciki. Injin da ba ya ƙoshi da mai zafi yake ɗauka, ga shi an lulluɓe shi da bargo a tsakiyar bazara. Ta yi ta kuka, ƙwas-ƙwas-ƙwas, tana neman agaji a ƙarƙashin auduga, ba mai ji. A tafiyarta ta ƙarshe ma kunnuwan direban duk suna kujerar baya, yana jiran ko tari a yi masa. Asta ce ta fara ganin hayaƙi na fitowa ta gefen bonet. Ta yi gyaran murya, bai gane ba. Ta nuna da hannu, ya yi mata murmushi a madubi. Sai ta yaye gyale ta ƙwalla, "Jaji! Wuta!"

Suka fito lafiya, ko ƙwarzane babu. Manoman da suka kawo gudunmawa da ƙasa da ganye sun shaida cewa ba su taɓa ganin mutumin da motarsa ke ci da wuta yana washe baki haka ba. Tsawa ta yi tari ɗaya, fat, irin muryarta ta da, ta yi shiru. Auduga ce ta kawo ta garin nan, auduga ta raka ta. Aikinta na ƙarshe a duniya shi ne ta sake ciro sunan nan daga bakin Asta, kuma tun daga ranar ba a ƙara jin sa ba.

Ta rasu ta bar Malam Jaji, da Asta, da safayar taya guda mai sanƙo, da jak wanda ba nata ba ne, da awakin Jekadafari waɗanda yanzu ba su da mai yi musu gargaɗi. Ta kuma bar Titus, wanda har gobe yana cewa aikinsa bai yi kuskure ba, ai ba a ji ƙararta ba har ta ƙone.

Za a jawo gawar daga hanyar Kumo ranar Asabar bayan la'asar, da tifar maƙwabcinsu Babayo, a kai ta makwancinta a bayan garejin Titus, inda kaji suka riga suka nuna sha'awa. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Malam Jaji. Masu sababbin motoci su ajiye su a gida su tako da ƙafa, ba a bukatarsu. Wanda duk yake da tsohuwar mota mai fasasshiyar salansa, ko babur mai tari, ko injin niƙa da zai ɗauku, ana roƙonsa don zumunci ya zo da shi, ya tsaya daidai katangar cikin gida, kada ya kashe. Malam Jaji zai zauna a zaure, bayansa na kallon ƙofar ciki. Ya yi rantsuwa a gabana cewa ko me ya ji daga bayansa ba zai waiwaya ba, kuma ba abin da zai fito daga bakinsa sai "Haka ne."