Bakin Tsoho Daban, Muryarsa Daban

"Lafiya ƙalau, in ban da ciwon ganin ka," in ji Kaka, tun ba ta gama shigowa shagon ba.

"Wa ya aiko ki da rana tsaka? Ko kewar angonki ce ta hana ki zama?" in ji jikanta daga ciki.

"Ango? Da wannan wuyan naka kamar mariƙin lema?"

Shago ɗaya muke da jikan nata. Ni ina gyaran waya a bakin ƙofa, shi yana ciki yana juye wa mutane tsofaffin fayafayai a kwamfuta. Dogo muke ce masa. Na saba da faɗansu, ko kai ban ɗaga ba.

Kwana uku ke nan da ta kawo masa faifan bidiyon marigayi mijinta, mai sana'ar kafinta, wanda aka ɗauka ranar da ya ajiye aiki. Duk duniya a nan kaɗai muryarsa ta rage. Faifan ya kakkarce, da ƙyar na'ura ta karanta shi sau ɗaya, a karo na biyu ta tofo shi. Ga shi kunnen Kaka ya yi nauyi, rabin magana a bakin mai yi take kama ta. In baki da murya suka raba hanya, to ita ba ta ji komai ba.

"Mene ne wannan ka zuba min a waya?" ta ce. "Da farko lafiya lau. Kafin a kai tsakiya baki na gaba, murya na bin sa a guje. A ƙarshe mutum ya rufe baki amma yana ta magana. Ka mayar min da miji aljani!"

"Dama haka yake. Shekara arba'in sai ya fita kike jin abin da ya faɗa."

"Kishi ne ke cin ka. Ka ga ya fi ka kyau, shi ne ka sace masa murya."

"Ni? Na fa jawo masa ita gaba da daƙiƙa uku, saboda ke."

"Sai me ya faru?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Ƙarshe ya ɗan daidaita, farko ya ɓaci. Ana jin ƙarar guduma tun tana sama."

"Allah ya shirye ka. Wannan ne gwanin da uwarka ke cika mana baki da shi?"

"Tsaya ki ji, tsohuwa. Ba makara muryar ta yi ba, tafiyarsu ce ba ɗaya ba. Faifan bai cika hoto talatin a daƙiƙa ba, ni kuma na sa masa talatin cif. Na gyara wannan. Amma duk inda ya karce ya haɗiye hotuna, ban san nawa ba. Sai na sami alama biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, in ɗaure hoto da sauti a kansu, in matse muryar ta zauna a tsakani."

"To ɗaure mana."

"A farko akwai guduma. A ƙarshe yana zaune ne kawai, gemu ya cinye masa baki. Kin auri daji, ki ce in nemo leɓe a ciki?"

"Kai da ko gashi uku ba ka tara a haɓa ba? Kashe sautin, ka sa min ƙarshen."

Ya kashe. Ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin.

"Tsaya! Koma baya kaɗan. Nan. Ka ga kuncinsa na hagu ya motsa? Tsaki ya yi."

"Ke kika sani. Ni ƙuda na gani."

"Dubi bayansa, makaho. Wani ya ɗora kofin shayi a kan teburin da aka shafa wa fenti. Ko a mafarki aka yi masa haka sai ya yi tsaki."

Dogo ya bi zanen sautin da ke kan allon kwamfuta a hankali. Can kuwa sai ga wani ɗan tsini shi kaɗai. Ya kunna, muka ji "mtsw" tsaf. Wallahi sai da na ajiye wayar da ke hannuna. Ya jawo tsinin ya ɗora a kan motsin kuncin, ya ɗaure guduma a farko, ya matse tsakani, ya buɗe lasifika har ƙarshe.

Tsohon ya yi tsakinsa daidai kan lokaci. Sannan ya juya gefe, inda kyamara ba ta kai ba, baki da murya tare: "Kai, ku ba ta kujera mana. Tun safe take tsaye."

Kaka ba ta motsa ba. "Ni ce a wajen," ta ce. "Ban taɓa sanin ya faɗi haka ba."

Sai a lokacin muka lura tun da ta shigo a tsaye take. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Dogo ya miƙe da sauri ya tura mata kujerarsa, yana 'yar dariya.

"Na sallama. Tsohon nan ya fi ni iya riƙon mata."

"Yau ka sani?" Ta zauna, ta goge ido da bakin mayafi. "Mayar da shi baya. Kuma ka matsa can, ka tare min mijina."