Gudun da Na Yi wa Igiyar Baba Nomau

Ba zan taɓa mantawa da damunar da aka tura ni Malumfashi a matsayin malamin gona ba, domin a cikinta na tafka abin kunyar da har gobe in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin akwai wani littafin ban tsoro da ke yawo a wayoyin mutane. Labarin wani ƙauyen Maguzawa ne, inda wai duk shekara ake ba dodon tsamiya baƙo ɗaya don dawa ta yi kyau. In sun zaɓe ka, za ka ga baƙin bunsuru ɗaure a gindin tsamiya, a kawo maka abinci a baƙin akushi, sannan tsoho ya auna kanka da igiya. Cikin kwana biyu na karance shi tas. Gaskiya marubucin ya iya jan zare. Da na tsaya nan, da lafiya lau. Amma sai na riƙa cika baki a ofis ina cewa, "Wannan mutumin ya san Maguzawa ciki da bai, duk abin da ya rubuta haka yake." (Ni da aka haifa a tsakiyar Funtua, ko ruwa ban taɓa sha a gidan Bamaguje ba.)

Abokin aikina Malam Ɗanjuma, mutum mai kawaici, murmushi kawai yake yi.

Ranar nan tsutsa ta faɗa wa masara a wani ƙauye, aka ce mu je mu biyu. Sai da muka yi nisa a babur ya ce, "Malam, ai garinmu za mu. Gonar babana ce ma ta fi ɓaci. Shi har yau yana kan addinin kakanni." Ashe gidan Bamaguje za ni!

Tsohon, Baba Nomau, ya karɓe mu hannu bibbiyu. Muka zaga gonar tun hantsi, ina bayanin feshi, rana na dukan sanƙona. Da muka dawo gida aka shimfiɗa min tabarma a inuwa, Ɗanjuma ya shiga gaida mahaifiyarsa. Na ɗaga kai: tsamiya. Na waiga: ga bunsuru ɗaure, baƙi wuluk, ya zuba min ido.

Ina cikin karanto duk addu'ar da ta zo bakina sai ga wata dattijuwa da dambu a akushi. Baƙin akushi! (Daga baya na tuna ban taɓa ganin farin akushi ba a rayuwata.) Na ce mata, "Inna, azumi nake." Alhali ga goro a kumatuna.

Sai ga Baba Nomau ya fito da igiyar kaba a hannu. Ya zagayo ta bayana, ya ce, "Ɗana, tsaya da kyau," ya naɗa min ita a kai.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Na yi tsalle na haure akushi, na faɗa gonar masara a guje, ganye na marina, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Ban ankara ba sai ji na yi tsundum cikin wani kududdufi, taɓo har ƙugu. Mata masu noma suka yar da fartanya suka taru a kaina. Da Ɗanjuma ya iso yana haki ya miƙo min hannu, sai na ce, "Ɗanjuma, ka ji tsoron Allah, 'ya'yana ƙanana ne!"

Ya dube ni, ya tuna littafin nan, sannan ya gane. Dariya ta zaunar da shi a ƙasa.

Amma da muka koma gida ya yi wa tsohon bayani, shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce, "Na ga rana na cin kanka tun safe ne, na ce bari in saƙa maka malfa. Bunsurun kuwa gyaɗar mutane yake ci, shi ya sa aka ɗaure shi. Na tsufa a gidan nan, baƙo bai taɓa guduna ba sai yau."

Wallahi da marina ya yi, da ya fi min sauƙi. Na durƙusa da taɓona na ce, "Baba, ka yafe min, jahilci ne."

Ya ce, "Tashi. Kawo kan, ban gama awo ba."

Haka na miƙa kai ya auna, matan na ƙunshe dariya. Dattijuwar ta sake zubo dambu, ta ce, "Ko azumin bai ƙare ba?" Na cinye har da suɗe akushi. Bayan mako biyu malfa ta iso ofis, ta zauna min ɗas.

Abin da na koya? In mutum ya matso ka da igiya, ka fara tambayarsa me zai yi da ita. In kuma ƙafa ta riga baki, to aƙalla ka duba inda kududdufi yake.