Bunsurun da Na Ba Shaidar Kirki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da wani tsohon bunsuru ya tsinka ni a gaban surukina. Abin takaicin ma ba bunsurun gaske ba ne, na katun ne.

A unguwarmu, Runjin Sambo, ni ne mai tace fina-finai. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Abin ya fara ne daga 'ya'yana, na ce ba fim ɗin da zai shiga gidana sai na gan shi tukuna. Daga nan na fara rubuta hukuncina a guruf ɗin iyayen unguwa na waya: wannan a kalla, wannan sai da babba a kusa, wannan ko da wasa. Sannu a hankali har a ƙofar masallaci ana tsayar da ni ana neman fatawa. Kai kuwa ya kumbura (wallahi akwai lokacin da har tafiyata ta canza).

To amma ga yadda nake aikin. A ganina ɓarna ta ido take shiga. Sutura nake dubawa, da rawa, da riƙe hannu. Kuma a ofis nake kallon, waya a cikin durowa, sauti a kashe don kada oga ya ji, ɗan yatsa yana tura fim gaba. Matata Hadiza ta taɓa tambayata, "Baban Nana, kai ba ka sauraren abin da suka cewa?" Na dube ta da tausayi na ce, "Ni da na ga bakin mutum na san abin da ka hita cikinai." Ta kalli bakina ta wuce. Ashe kallon nan ajiya ce.

Mahaifinta kuwa, Baba Malam na Ƙofar Kware, dattijo ne mai farin gemu da tabarau, wanda talabijin ba ta taɓa kwana a gidansa ba. Rediyonsa ta ishe shi. Yana da wata kalma da kowa ya san shi da ita: in magana ta gamsar da shi sai ya gyaɗa kai ya ce, "Awo, hakanan na." Samun wannan kalma daga bakinsa ba ƙaramin abu ba ne. Ni kam na daɗe ina nemanta, domin tun farko kallon ɗan boko mai rawar kai yake yi mini.

Da aka sa ranar sunan ɗan ƙanin Hadiza a can gidan Baba Malam, sai na ga dama ta samu. Na je shagon mai tura fina-finai na ce ina son katun mai tsabta. Ya tura mini ɗaya, ya ce, "Alhaji, wanga fassararre na hwa." Na ce ai shi nake so, yara su ji da harshensu.

Na duba shi a ofis kamar yadda na saba. Labarin wasu 'yan awaki ne da suka ɓata a daji, wani tsohon bunsuru mai farin gemu da tabarau ya jagorance su zuwa gida. Ba rawa, ba riƙe hannu, bunsurun ma har da rigarsa. Duk inda ya tsaya yana kaɗa gemu, sai in ga 'yan awakin sun sunkuyar da kai, na ce lalle nasiha ce ke ratsa su. A take na rubuta a guruf: "Fim mai tarbiyya. Akwai dattijon bunsuru da ya kamata kowane yaro ya yi koyi da shi." Haka na rubuta, da hannuna.

Ranar suna gida ya cika. Yara sun hana kowa sakat, har wani ya kifar da bokitin zoɓo. Na cire takalmi na shiga zaure, na durƙusa a gaban Baba Malam na ce ina da dabarar da za ta zaunar da su wuri ɗaya (talabijin ɗina tana waje tun safe, a keke na ɗauko ta, kada ku ɗauka tunanin nan take ne).

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka san ba a kawo wanga abu gidana."

"Baba, ni nid duba shi da kaina, tun daga hwarko hak ƙarshe."

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "In kai kad duba, na yarda. Jikokina amana na gare ka."

Na kafa talabijin a rumfar da ke jikin tagar zaure, na ƙure sauti saboda yawan yara, na koma. Nan take gida ya yi tsit. Baba Malam ya nuna mini gefen tabarmarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya dubi limamin unguwa da sauran dattawa ya ce, "Wanga surukina, shi ka tace ma ɗiyan unguwassu kallo." Aka yi ta sa mini albarka. Ina sunkuye kamar mai kunya, alhali a zuci ji nake kamar an naɗa mini rawani.

Sai wata murya ta tsoho ta shigo ta taga, da Sakkwatanci mai kauri, tana ja: "Aaawo! Hakanan na!"

Dattawa suka dubi Baba Malam. Shi kuwa bakinsa a rufe yake. Ashe masu fassarar nan, waɗanda na tabbata ba 'yan garinmu ba ne, harshenmu suka ɗora wa bunsuru don su ba mutane dariya. Ban gama haɗiye wannan ba, dattijon bunsurun nawa ya ƙunduma wata ashar, irin wadda ake ji a tasha in direba ya ɓata da kwandasta. Ba ta bar uwa ba, ba ta bar kaka ba. Abin da ya sa 'yan awaki ke sunkuyar da kai ke nan, ni kuwa na kira shi nasiha.

Yara suka kwashe da shewa. Kafin in motsa sai ga Nana, autata, wadda ko makaranta ba ta daɗe da shiga ba, ta faɗo zaure da gudu.

"Kaka! Kaka! Taho ka gani, ga ka can cikin talabijin! Had da gemunka da tabarau!"

Ta tsaya a tsakiyar dattawa, ta turo haɓa tana kaɗawa, ta ce, "Awo, hakanan na!" Sannan ta kawo sauran, tiryan-tiryan, ba ta rage ko harafi ba. Yarinyar da na yi makonni ina fama ta riƙe addu'ar shiga bayi.

Liman ya ce, "Subhanallahi!"

Na zabura, na taka bakin babbar rigata, saura kaɗan in kifa a kan kwanon goro. Na fita ba takalmi. Rimot ya ɓace a cikin yara. Na roƙi Allah a ɗauke wuta, wutar da kullum ba ta zama, ranar kuwa ta zauna daram. Na fizge wata waya daga bango, sai na ji fankar zaure ta tsaya. Bunsuru ya ƙara wata ashar ɗin, wadda ta fi ta farko. Hadiza ce ta fito daga cikin mata, ta danna wani ɗan maɓalli a gefen talabijin, komai ya mutu. Bakina kawai ta kalla, ta koma ciki.

Da ina da hanyar da zan bi ta katanga in gudu, da na bi. Amma takalmina na ƙofar zaure. Na shiga na durƙusa. Baba Malam ya ɗora Nana a cinya yana shafa kanta.

"Jika ta yi ma kakanta wasa, ba laihi na ba," in ji shi a hankali. "Ta ce man bunsuru, ni ko in ce mata 'yar akuya. Amma waccan kalma, wa yas sa mata ita baki?"

Na kasa ɗaga kai.

"Kac ce ka duba."

"Na duba, Baba."

"Da mi?"

"Da ido."

"Kunnuwan hwa?"

"Na kashe sautin, Baba."

Wani dattijo ya kama tarin ƙarya. Baba Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Awo..." Sai ya tsaya. Ya dubi taga, inda jikokinsa suka yi cirko-cirko suna jiran ya ƙarasa su yi dariya. Bai ƙarasa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Saƙonnin da na tarar a guruf, na iyayen da suka bi shawarata, da sunan Kurman Alƙali da aka laƙaba mini a unguwa, duk na shanye su. Amma dattijo ya damƙa mini jikokinsa, na mayar masa da su da ashar a baki, na kuma raba shi da kalmar da ya tsufa yana faɗa. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin ta cikakkiya a bakinsa.

Darasin da na koya kuwa, a makare, shi ne yaro ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Na tsaya gadi a ƙofar ido da sandata, ɓarawo ya shige ta kunne, ni na buɗe masa ma har da ƙure sauti. Yanzu duk fim ɗin da zai shiga gidana sai na fara sauraren sa ido rufe, kamar mai jin labaran rediyo, Hadiza na gefe tana duba ko barci nake.

Da sallar da ta wuce na je gaisuwa, na durƙusa na zayyana wa Baba Malam wannan sabon tsari nawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya ce, "Awo."

Har yau ina jiran sauran.