Ranar da Na Yi wa Ƙwarin Ruwa Wanka

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da tsaftata ta jawo mana a ajin ƙarshe na sakandare. Malama Yagana ta kimiyya ce ta tura mu lambunan hanyar Alau, ni da ƙawata Falmata, mu kamo ƙwarin ruwa (baƙaƙen nan masu kama da buzuzu) daga magudanai biyu: ɗaya mai ciyawa da inuwa, ɗaya fayau, ruwan taki kawai ke bi. Waɗanda aikinsu ya fi kyau su za su wakilci makaranta a gasar jiha, ni kuwa har na guge hijabin tafiya.

Magudanar ciyawa ta ba mu ƙwari iri-iri, manya da ƙanana. Ɗayar da ƙyar muka samu 'yan tsiraru. Kowacce da bokitinta.

Da yamma a gidanmu na Lamisula na kasa zama. In leƙa bokitin ciyawar, in koma, in sake leƙawa. Kore shar, ga gansakuka, ga wari. Wannan ƙazantar zan ajiye gaban manyan baƙin da za su zo duba aikinmu gobe? Na ɗauko matankaɗin Mama (har yau ba ta sani ba), na tace ƙwarin, na watsar da ciyawar, na zuba ruwan randa garau, na rufe.

Washegari ko jira a kira ni ban yi ba. Na tsaya gaban baƙon da ya zo daga ma'aikatar ilimi na ce, "Yallaɓai, inda ciyawa take, nan ƙwari suka fi yawa. Ga shaida."

Na buɗe. Ƙato ɗaya ne tal yake iyo, ga ƙafafu da fukafukai suna yawo a sama. Bokitin taki ma ya fi shi jama'a.

Baƙon ya gyara tabarau. "'Yata, ina sauran?"

Falmata ta leƙa, ta nuna ƙaton ta ce, "Suna cikinsa, Yallaɓai."

Aka kwashe da dariya. Malama Yagana ta matso kunnena: "Ke, ina ciyawar? A cikinta ƙananan suke ɓuya. Kin rushe musu gida kin bar su da mahauci."

'Yan ajinmu masu aikin tumatir ne suka tafi gasar.

Tun daga ranar, in na ga datti sai na tambaya ko gidan wani ne. Ɗakin Falmata ma na daina share mata.